Ko Kun Sani? Mega, Rezo da Harafi Mai Lanƙwasa

A Birnin Ƙonni in waya ta ƙi kira sai a ce "babu rezo", a Illela ta Najeriya kuwa a ce "babu sabis". Abu ɗaya ake nufi: wayar ta kasa gaisawa da eriyar kamfani. Da yake igiyar rediyo ba ta san iyaka ba, waya mai lambar +227 takan kama eriyar Najeriya tana cikin Nijar, kuma kuɗin kira na iya ƙaruwa.

Hoton da ke cikin wayarka ko katin memori yana gida, ko babu rezo za ka buɗe shi. Tura shi ta Bluetooth ko Xender ba ya cin mega ko ɗaya, domin wayoyin biyu kai tsaye suke magana. Wanda ka aika ta WhatsApp kuwa sai ya bi ta wata babbar kwamfuta mai nisa da ake kira saba, ko da mai karɓa yana kusa da kai a kasuwar Malbaza.

Mega ma'aunin bayanai ne, kamar tiya. Mafi ƙanƙanta shi ne bit, takwas su ne bayit ɗaya, bayit wajen miliyan shi ne mega, mega wajen dubu kuma giga.

Abin da ya fi burge ni shi ne haruffanmu. A tsarin rubutun kwamfuta na UTF-8, "k" bayit 1 yake ci, "ƙ" kuwa 2. Saƙon tes yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar "ƙ", "ɗ" ko "ɓ" ya shiga, sai ya koma 70.