Dalilin da ya sa American Airlines ke cire ajin farko daga jiragensa na dogon zango

A watan Oktoban 2022, yayin da shugabannin kamfanin jiragen sama na American Airlines ke yi wa masu zuba jari bayanin cinikin da suka yi, maganar ajin farko ta taso. Wannan shi ne sashen da ke can gaban jirgi, wanda ya fi kowane tsada. Vasu Raja, babban jami'in kasuwancin kamfanin a wancan lokaci, bai yi wani kwana-kwana ba. Ya ce za a daina wannan aji a tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa, kuma dalilin bai wuce ɗaya ba: fasinjoji ba sa sayen kujerun.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada, tunda yawancinmu ba mu taɓa leƙa wannan sashe ba, balle mu zauna a cikinsa. Sai dai duk abin da aka sauya a gaban jirgi, a baya ake jin nauyinsa, kuma a bayan ne akasarin matafiyanmu suke zama.

American shi ne na ƙarshe a cikin manyan kamfanonin Amurka uku da ya riƙe ajin farko a dogon zango. Delta ya yi sallama da nasa tun a ƙarshen shekarun 1990. United ya bi sahu bayan ya fito da sabon ajin 'yan kasuwa mai suna Polaris a ƙarshen 2016. Ko a American ɗin ma, abin da ya rage a 2022 ba shi da yawa. Jiragen Boeing 777-300ER guda 20 ne ke ɗauke da shi zuwa ƙasashen waje, kowanne da kujeru takwas kacal, sai wasu ƙananan jirage ƙirar Airbus A321 da ke zirga-zirga tsakanin gabashi da yammacin Amurka, masu kujeru goma-goma. Abin da Amurkawa ke kira ajin farko a gajerun tafiye-tafiye na cikin gida kuwa, wato kujera mai ɗan faɗi a layukan gaba, yana nan bai tafi ko'ina ba.

Duk wanda ya taɓa kama shago a Kantin Kwari ko a Kasuwar Wuse ba zai sha wahalar gane lissafin ba. Kuɗin haya ba ya raguwa don kaya sun ƙi tafiya, saboda haka kowane taku na shagon dole ne ya fitar da kuɗinsa. Idan ka ware kanta mafi kyau ga wani leshi mai tsada da ake saye sau ɗaya a wata, alhali atamfar da ake rububi tana jibge a lungu, kai ne da asara. Cikin jirgi ma shago ne, illa dai shi ba a iya ƙara masa faɗi ko da taku ɗaya. Kujerar ajin farko guda tana cin filin da zai ɗauki kujerun gama-gari da dama, ga nauyin kayanta da ke ƙara shan mai, ga ma'aikatan da aka ware mata, ga abinci da ɗakin hutu na musamman a filin jirgi. Bambancin da ya fi ciwo shi ne, atamfar da ba ta sayu yau ba za ta iya sayuwa gobe, amma kujerar da jirgi ya tashi da ita babu kowa a kai, kuɗinta ya tafi ke nan.

To me ya hana mutane saye? Babban dalili shi ne ajin da ke biye da shi ya cim masa. Lokacin da kamfanoni suka fara fito da ajin 'yan kasuwa a ƙarshen shekarun 1970, bai wuce kujera mai ɗan faɗi da abinci mai ɗan dama-dama ba. Wanda yake son ya miƙe ƙafa ya yi barci na sosai, sai dai ya biya kuɗin ajin farko. A shekarar 2000 kamfanin British Airways na Ingila ya sanya kujerar da ke shimfiɗewa ta zama gado a ajin 'yan kasuwa, sauran kamfanoni kuma suka kwaikaya. Daga baya aka tsara kujerun yadda kowa zai fita zuwa hanya ba tare da ya tsallake ƙafar maƙwabcinsa ba. A 2017 Qatar Airways da Delta suka ƙara wa kujerar ƙofa mai zugewa. Da aka kai nan, abin da ya raba azuzuwan biyu bai wuce ɗan ƙarin fili da wasu 'yan ƙyale-ƙyale na abinci ba, alhali ratar farashin na iya kai dubban daloli.

Akwai kuma batun wanda ke biyan kuɗin. Da yawa daga masu zama a gaban jirgi ba daga aljihunsu tikitin ke fitowa ba, ma'aikata ne da kamfani ko gwamnati ta tura aiki. Dokokin tafiye-tafiye na yawancin ma'aikatu kan amince wa manyan jami'ai ajin 'yan kasuwa idan tafiyar na da nisa, amma su haramta ajin farko, ko don tsada ko don gudun bakin mutane. Ma'aikatan gwamnati a nan gida sun san wannan. A 2016 Gwamnatin Tarayya ƙarƙashin Shugaba Muhammadu Buhari ta hana jami'anta tafiya a ajin farko da kuɗin gwamnati, inda ta tsayar da ministoci da manyan sakatarori da shugabannin hukumomi a ajin 'yan kasuwa. Idan irin wannan doka ta yawaita a duniya, sai ka tarar waɗanda ke zaune a kujeru takwas ɗin nan galibi masu tara makin yawan tafiya ne da aka ɗaga darajar tikitinsu, ba waɗanda suka zaro cikakken kuɗi ba.

Abin da American ya kawo a madadi shi ne wata sabuwar kujerar ajin 'yan kasuwa mai suna Flagship Suite, mai gado da ƙofa. A tsarin da kamfanin ya sanar, jirgin 777-300ER da ke da kujeru 8 na ajin farko da 52 na 'yan kasuwa zai koma mai sababbin kujeru 70 idan an gyara shi. Ajin tsakiya, wanda ke tsakanin na 'yan kasuwa da na gama-gari, zai tashi daga kujeru 28 zuwa 44. Kamfanin ya ce gaba ɗaya kujeru masu tsada a jiragensa na dogon zango za su ƙaru da fiye da kashi 45 cikin ɗari. Wato ba alfarmar aka soke ba, suna aka sauya mata, aka kuma yawaita ta a farashin da ake iya sayarwa. Har ma an ware kujerun layin farko, waɗanda suka fi sauran fili, aka ba su suna na daban, abin da wasu ke gani a matsayin ajin farko da ya fita ta ƙofa ya dawo ta taga.

Ba kowane kamfani ba ne ya yarda da wannan lissafi. Emirates yana nan da ajinsa na farko, har da wurin wanka a cikin jiragensa na A380. Singapore Airlines, da Lufthansa na Jamus, da Air France na Faransa duk sun kashe kuɗi wajen sabunta nasu, sai dai kujerun kaɗan ne, uku ko huɗu ko shida a jirgi, kuma sun yi wa ajin 'yan kasuwa nisa ƙwarai. Qatar Airways ma ya yi amai ya lashe: a 2023 shugabansa na lokacin, Akbar Al Baker, ya ce ba ya ganin amfanin ajin farko a sababbin jiragensu, amma wanda ya gaje shi ya ce za a kawo shi. A ganina kuskuren American ba wai riƙe ajin farko ba ne, riƙe shi ne ba tare da ya zarce na 'yan kasuwa da wani abin kirki ba. Attajirin da zai biya ninkin kuɗi yana son ya ga abin da ya saya.

Ga matafiyi daga Kano ko Abuja, labarin ba baƙo ba ne. Ethiopian Airlines, wanda 'yan kasuwarmu da dama ke bi zuwa Guangzhou da Dubai, azuzuwa biyu yake da su. Haka ma Turkish Airlines. Delta da ke tashi daga Legas zuwa Atlanta ba shi da ajin farko. Abin dariyar shi ne, sunan ajin na 'yan kasuwa ne, amma ɗan kasuwar gaske da ya tafi saro kaya a baya za ka same shi, yana lissafin kilo nawa aka ba shi izinin ɗauka.

A bayan ne kuma lissafin ya fi shafarmu. Dubi jirgin Boeing 787-9 na American. A tsohon tsari yana ɗaukar mutum 285: 30 a ajin 'yan kasuwa, 21 a na tsakiya, 234 a na gama-gari. Sabon tsarin, wanda ya fara aiki a watan Yunin 2025, yana ɗaukar mutum 244: 51 a ajin 'yan kasuwa, 32 a na tsakiya, 161 a na gama-gari. Kujeru 73 ke nan suka ɓace daga sashen da talaka ke iya biya, a jirgi guda. Farashin tikiti ya dogara da abubuwa da yawa, irin su kuɗin mai da yawan kamfanonin da ke gasa a hanya ɗaya, don haka ba za a ce lallai zai tashi saboda wannan kaɗai ba. Amma kamfanoni kan sayar da kujerun gama-gari ne mataki-mataki, masu araha su fara ƙarewa kafin a buɗe masu tsada. Idan kujerun suka ragu, masu arahar za su ƙare da wuri, musamman a lokacin komawar ɗalibai makaranta da hutun ƙarshen shekara.

American ba ya sauka a Najeriya, amma yana ƙawance ɗaya da British Airways da Qatar Airways. Saboda haka wanda ya yanki tikiti daga Abuja zuwa Chicago ko Dallas ta hanyar Landan na iya samun kansa a jirgin American a zango na biyu. Tunda gyaran jiragen ana yin sa ne ɗaya bayan ɗaya, hanya guda na iya samun tsohon jirgi yau, sabo gobe. Kafin a biya kuɗi, yana da kyau a nemi wakilin da ke yanka tikiti ya nuna wane kamfani ne ainihin mai jirgin a kowane zango, wace ƙira ce, da taswirar kujerunta, sannan a tabbatar da nauyin kayan da tikitin ya yarda a ɗauka tun daga tashi har zuwa sauka.