Idan ɗan cirani ya rasu a nesa: abin da ya kamata ku sani

A Affala, kamar sauran garuruwan Adar da ke kewayen Tawa, da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗan cirani a Abijan, Libiya ko Aljeriya. Shi ya sa saƙon mutuwa kan zo ta waya, sau da yawa bayan abokan tafiya sun riga sun yi wa mamaci sutura a can. Iyali ba su ga gawa ba, ba su san inda kabari yake ba. Irin wannan rashi yakan daɗe bai zauna a zuciya ba, don haka kada a yi mamaki in uwa ta ci gaba da zabura duk lokacin da waya ta yi ƙara.

Saƙon a fara ba wa wani dattijo ko limamin unguwa, ya taka da ƙafarsa. Jefa shi a WhatsApp kafin mata da uwa su ji zalunci ne, ko da an yi da kyakkyawar niyya.

Zaman makoki kwana 3 ne. Abinci kuwa maƙwabta ne ya kamata su kawo, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci a yi wa iyalan Ja'afar bayan yaƙin Mu'uta. Yau mun juya abin: gidan da ya rasa mai aiko da kuɗi shi ke buɗe rumbu yana ciyar da masu cewa "ya haƙuri?".

Takaba wata 4 da kwana 10 ce, mai ciki kuma sai ta haihu. Ana ƙirga ta daga ranar rasuwa, ba daga ranar da labari ya iso ba. Wanda ya ɓace babu labarinsa hukuncinsa daban: a mazhabar Malikiyya matar takan kai ƙara wurin alƙali, a ɗiba mata shekara 4 kafin ta yi idda. A gado, mace tana da tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, kishiyoyi su raba kason a tsakaninsu. A biya bashi kafin rabo, ciki har da kuɗin motar da ya ranta zai tafi.

Wahalar takan fara ne bayan an naɗe tabarmi. Damina ta zo, gona na jiran noma, hatsi ya ƙare. A nan gayya ta yini ɗaya ko tiya biyu ta gero ta fi dogon wa'azi amfani. A kuma bar mai takaba ta ambaci mijinta, ta yi hawaye. Addini bai hana kuka ba, kururuwa da yage tufa ya hana. In watanni sun shuɗe ba ta barci, ba ta cin abinci, ko tana maganar gara ta bi shi, a raka ta asibiti a Tawa, kada a tsaya kan rubutun sha kaɗai.