Yadda Monet Ya Zana Asuba a Kogin Seine

A shekarun 1896 da 1897, Claude Monet yakan bar gidansa na Giverny a Faransa tun da duku-duku, ya shiga kwale-kwalen da ya mayar ɗakin aiki, ya tsaya a wani reshe na kogin Seine. Wuri guda ya yi ta zanawa: ruwa, bishiyoyi dama da hagu, sararin sama a tsakiya. Yakan zo da ƙyallayen zane da yawa, da zarar haske ya sauya sai ya ajiye wannan ya ɗauki wancan. Kogin yana nan yadda yake, lokacin ne ke gudu, kuma shi yake bi.

Mai son jin daɗin irin wannan zane ya fara da ja da baya. In ka matsa kusa, ɗige-ɗigen fenti kawai za ka gani, shuɗi a gefen shunayya, kore a gefen ruwan hoda, ba a gauraya su sosai ba. Daga nesa idonka ne zai haɗa su, shi ya sa ruwan yake kamar yana motsi.

Sannan ka duba inuwa. Masu wannan salo, da ake kira Impireshanis tun baje kolinsu na 1874 a Paris, sun rage amfani da baƙi. Inuwar bishiya a ruwa takan fito shuɗiya ko shunayya, domin hasken sama na faɗa mata. Sanyin safiyar da kake ji daga nan yake fitowa. A wasu zanukan ma da ƙyar ka raba bishiya da hotonta a cikin ruwa, hazo ya cinye iyakar, kamar yadda hazon hunturu kan ɓatar da ƙarshen gari. Da gangan Monet ya bar shi haka, kuma a ganina nan ne gwanintar take.

Wannan aiki ya yi sauƙi ne bayan da aka samu fenti a cikin bututun ƙarfe, wanda Ba'amurke John Goffe Rand ya ƙirƙiro a 1841, mai zane ya iya fita da kayansa bakin kogi. Alfred Sisley, wani mai wannan salo, shi ma haka ya yi a 1876, lokacin da Seine ya yi ambaliya a Port-Marly. A zanensa, ruwa ya kewaye shagon mai sayar da giya, mutane na yawo a kwale-kwale, amma ya ba sama da gajimare kaso mai yawa na ƙyallen, har ambaliyar ta fito a natse, babu tashin hankali a cikinta.