Manhaja Ɗaya, Injuna Da Yawa: Darasin Da Tsarin WCF Ya Bar Wa Kamfanoni

A duk lokacin da ɗan kasuwa ya aika kuɗi daga wani banki zuwa wani, na'urori masu ƙwaƙwalwa da dama ne ke magana da juna kafin kuɗin su isa: ta bankin mai aikawa, da ta bankin mai karɓa, da kuma ta kamfanin da ke tsakani. A Nijeriya kamfanin NIBSS ne ke wannan aiki, kuma ya ƙaddamar da tsarinsa na aika kuɗi nan take a shekarar 2011. Babbar tsadar irin wannan aiki da aka rarraba wa injuna daban-daban tana wajen rubuta manhajar da za ta sa su fahimci juna.

A cikin shekarun 1990 kowa da tasa hanyar. Ƙungiyar OMG ta fito da ƙa'idar CORBA a 1991, kamfanin Microsoft na Amurka ya fito da DCOM a 1996, shi kuwa kamfanin Sun ya sanya RMI cikin harshen Java a 1997. Injin da ke bin wata hanya ba ya jin yaren wata sai an sa masa tafinta, tafinta kuwa kuɗi ne.

A watan Nuwamba na 2006 Microsoft ya fito da tsarin WCF, wanda ya tattara hanyoyinsa na sadarwa a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Abubuwa uku kawai mai rubuta manhaja zai fayyace: adireshin da za a sami hidimar, da hanyar da saƙo zai bi, da kuma yarjejeniyar abin da hidimar za ta yi. Idan kamfani ya so ya buɗe wa abokan cinikinsa ta intanet wata hidima da a da ma'aikatansa kaɗai ke amfani da ita, sau da yawa saiti kawai za a gyara, ba sai an sake rubuta manhajar ba.

Sai dai kuma a 2019 Microsoft ya bayyana cewa ba zai shigar da ɓangaren WCF mai bayar da hidima cikin sabon dandalinsa na .NET ba, ya kuma ba da shawarar a koma ga gRPC, wanda kamfanin Google ya saki a 2015. Wannan ya bar kamfanonin da suka dogara da WCF da zaɓi uku: su zauna kan tsohon dandali da ke tafiya da Windows kaɗai, su kashe kuɗi su sake rubuta manhajarsu, ko su rungumi CoreWCF, madadin da masu sa kai suka faro, wanda cikakken bugunsa na farko ya fito a 2022.

Saboda haka, kafin ɗan kasuwa ya sa hannu a kwangilar manhaja, ya kamata ya tambayi ɗan kwangila abu biyu: shin saƙonnin na bin ƙa'idar da kowa ke iya amfani da ita, kamar HTTP, kuma nawa ƙaura za ta ci idan mai tsarin ya janye? Amsar ta shiga cikin takardar yarjejeniya tun daga farko.