Tafiya Wata Ƙasa Bayan An Yi Wa Mutum Aikin Zuciya

Jawabin kimiyya na wannan mako ya shafi wata tambaya ce wadda likitocin zuciya su kan sha daga bakin marasa lafiya, tun ba baƙi mazauna wata ƙasa ba. Da zarar mutum ya farfaɗo daga aikin da aka yi masa, ya soma taka ƙafa a barandar asibiti, sai a ji ya ce, "Likita, yaushe zan iya shiga jirgi?" Wani ya riga ya biya kuɗin kujerar Hajji, wani bikin 'yarsa ne ya ƙarato a Kumasi ko Garwa, wani kuwa daga gida ya zo Alƙahira ko Landan neman magani, kuɗin masauki na cin guzurinsa kullum, ba abin da ya ke so sai komawa.

Tambayar ba ta daɗe a duniya ba. Sai a 1953 ne wani likita Ba'amurke, John Gibbon, ya fara cin nasarar buɗe zuciyar mutum a Filadelfiya da taimakon wata na'ura wadda ta karɓi aikin zuciya da na huhu na ɗan lokaci. A 1967 kuma René Favaloro, mutumin Ajantina mai aiki a Amurka, ya yanko jijiya daga ƙafar mara lafiya, ya yi wa jini sabuwar hanya ta kewaye wurin da ya toshe. Yau wannan aiki ya zama ruwan dare, amma har yanzu babban aiki ne. A kan tsaga ƙashin ƙirji biyu daga sama har ƙasa, in an gama a haɗe shi da siririyar waya ta ƙarfe. Shi kuwa ƙashi ba ya san gaggawa ba. Ya kan ɗauki mako shida zuwa takwas kafin ya kama, wani ma har wata uku.

To, me ya haɗa wannan da jirgin sama? Abu biyu ne. Ko da ya ke jirgi ya kan tashi sama da ƙafa 30,000, a kan matsa iska a cikinsa domin fasinjoji su iya numfashi. Amma ba a kai ta nauyin iskar ƙasa. Wanda ke zaune a kujera daidai ya ke da wanda ya hau dutse mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Saboda haka oksijin da ke shiga jininsa ya kan ragu kaɗan. Lafiyayye ba ya ko lura. Amma wanda ya zubar da jini a wurin aiki, jininsa bai gama komowa ba, zuciyarsa za ta ƙara sauri domin ta cike giɓin, ga ta kuwa ba ta daɗe da fita daga hannun likita ba.

Na biyu ya fi ban mamaki. Tun 1662 wani masani a Ingila, Robert Boyle, ya nuna cewa iska ta kan kumbura idan aka rage nauyin da ke danne ta. Duk wanda ya taɓa ganin ledar abinci ta cika ta yi tim a cikin jirgi ya ga wannan ƙa'ida da idonsa. Sa'ad da aka rufe ƙirji bayan aiki, ba a rasa 'yar iska da ta maƙale a ciki, wani lokaci tsakanin huhu da haƙarƙari. A ƙasa jiki ya kan shanye ta a hankali cikin kwanaki. A sama kuwa girmanta na iya ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, ta danne huhu, numfashi ya gagara, ga shi babu asibiti a tsakanin gajimare. Don haka ne hukumar jiragen sama ta Ingila da likitocin zuciya na ƙasar su ke ba da shawarar a dakata aƙalla kwana goma bayan aikin buɗe ƙirji, in komai ya tafi daidai. In hoton ƙirji ya nuna iska a gefen huhu, sai ta ɓace sarai, a kuma ƙara mako ɗaya ko biyu a kai. Wanda aka zura wa ɗan bututu kawai ta jijiyar hannu aka buɗe masa hanyar jini, ba a tsaga ƙirjinsa ba, shi kwana biyu na iya isarsa.

A nan ne mutane da yawa su ke ruɗuwa. Kwana goman nan amsar tambayar jirgi ce kurum, watau ko jiki zai jure sa'o'in da za a yi a sama. Ba ta ce komai ba game da abin da ke jiran matafiyi bayan ya sauka. Wanda zai koma gidansa ya kwanta daban ya ke da wanda zai je biki ko ibada. Kimanin mutum ɗaya cikin uku bugun zuciyarsa ya kan rikice a kwanakin farko bayan aikin, ciwon ƙirjin kuma na iya yin ruwa bayan an sallami mutum. A makonnin farko an hana shi ɗaukan abin da ya wuce kamar kilo biyar, alhali akwatin matafiyi ya kan kai kilo 23, balle na Bahaushe mai komawa gida da tsaraba.

Akwai kuma batun gudan jini. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 ya nuna zaman da ya wuce sa'a huɗu a tafiya ya kan ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Aikin tiyata shi ma ya kan ƙara wannan haɗari har tsawon makonni. Daga Landan zuwa Abuja kuwa kamar sa'a shida ne. Maganinsa shi ne a zaɓi kujerar bakin hanya, a riƙa tashi ana takawa, a sha ruwa, a sa safa mai matse ƙafa in likita ya yarda.

Wanda aka sa wa bawul na ƙarfe, watau ƙyauren da ke tsakanin ɗakunan zuciya, zai sha warfarin muddin ransa, kuma lalle ne a riƙa auna jininsa a kai a kai. Sai ya san inda za a yi masa awon a garin da za shi tun bai tashi ba. Haka kuma wanda ya shekara da shekaru a Turai ko Amurka jikinsa ya manta zazzabin cizon sauro, yana bukatar maganin rigakafi in za shi gida, amma waɗansu daga cikin magungunan nan su kan ƙara ƙarfin warfarin har jini ya yi tsinkewar da ba a so. Ba abu ne da za a saya a kanti ba tare da sanin likita ba.

Aikin Hajji shi ne gwaji mafi tsanani. Sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai kimanin kilomita uku, ban da ɗawafi da tafiya wurin jifa cikin cunkoso, inda gwiwar hannun wani ka iya samun ƙirjin da bai warke ba. A Hajjin 2024 zafi ya wuce digiri 50 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka ce mutum fiye da 1,300 sun rasu. Malamai sun daɗe da bayyana cewa iko sharaɗi ne na wajabcin Hajji, lafiyar jiki kuwa tana cikin iko. Wanda aka yi wa aiki saura mako huɗu a tashi, abin da ya fi masa shi ne ya bari sai baɗi.

To, in an fasa, ina labarin kuɗi? Dokokin Turai da Ingila masu tilasta biyan diyya sun shafi lokacin da kamfani ne ya soke jirgi. In fasinja ne ya fasa, sai abin da sharuɗɗan tikitinsa suka ce, tikiti mai araha kuwa galibi ba a mai da kuɗinsa. Duk da haka kamfanoni da dama su kan yarda a ɗaga rana, ko su riƙe kuɗin don wata tafiya, in an kai musu takardar likita da wuri. Kuskuren da ya fi tsada shi ne a yi shiru har jirgi ya tashi, domin a lokacin a kan soke tikitin dawowa ma. Ko tikitin da ba a mai da kuɗinsa, ana iya neman harajin gwamnati da ke cikinsa, ko da ya ke wani kamfani ya kan cire ladan aiki.

Inshorar tafiya ita ce ke biyan irin wannan hasara, amma da sharaɗi. In mutum ya san yana da ciwon zuciya, ko yana jiran a yi masa aiki, ya ɓoye sa'ad da ya ke yanka inshorar, ba za a biya shi ko kwabo ba. Wanda ya yanka kafin ciwon ya bayyana, shi ma sai ya sanar da su da zarar likita ya hana tafiyar, ya adana rasit da takardun asibiti duka.

Sa'an nan ranar da tafiya ta tabbata, kamfanin jirgi na iya neman likita ya cika wata takarda da a ke kira MEDIF, wadda ke shaida cewa fasinja zai iya tafiya, a kuma nemi keken guragu a filin jirgi kwana biyu kafin tashi. Wayar da ke ƙirji ba kasafai ta ke tayar da ƙarar na'urar bincike ba, amma mai batirin zuciya ya riƙe katinsa a aljihu. Magunguna kuma su zauna a jakar hannu tare da takardar likita mai ɗauke da sunayensu, da ƙarin na mako guda, ko da jirgin dawowa zai yi jinkiri.