Wa'adin Jira a Gwajin Nauyin Rumbun Bayanai

Kafin a buɗe sabuwar gada, injiniyoyi kan jera manyan motoci maƙare da kaya a kanta, su auna juriyarta. Duk wanda ya ga gadar Wudil ranar Juma'a, sa'ad da motocin shanu ke tururuwa zuwa kasuwa, ya san hikimar yin haka. Irin wannan gwaji ake yi wa rumbun bayanai na kwamfuta, wato ma'ajiyar sunaye da maki da lissafin kuɗi. A makaranta kamar Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, wadda ta fara aiki a 2001, aka kuma sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022, makon rajistar ɗalibai shi ne ranar kasuwa. Idan rumbun ya gaza a makon nan, ɗalibi ne zai kwana a ciki.

Ɗaya daga cikin manhajojin da ake wannan gwaji da su ita ce Apache JMeter, wadda ta samo asali a 1998. Aikinta shi ne ta kwaikwayi ɗaruruwan mutane suna aika wa rumbu tambaya a lokaci guda, ta kuma rubuta tsawon lokacin da kowace amsa ta ɗauka. Sai dai ba ta magana da rumbu kai tsaye. Akwai ƙaramar manhaja a tsakani da ake kira direba, wadda matsayinta tamkar na tafinta ne. Direbobin suna bin ƙa'idar JDBC da kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1997.

Ƙa'idar ta tanadi wa'adin jira, wanda ake ƙidayawa da daƙiƙa. Idan an yanka daƙiƙa 30 amsa ba ta zo ba, sai direba ya soke tambayar, a rubuta ta cikin waɗanda suka faɗi. Matsalar ita ce ba kowane direba ne ya iya wannan aiki ba. Tsofaffin direbobin Apache Hive, alal misali, da zarar an nemi su sa wa'adi sai su mayar da saƙon kuskure, gwaji ya watse tun ba a je ko'ina ba.

JMeter ta yi tanadin mafita. A gurbin wa'adi, sifiri na nufin jira marar iyaka, amma duk da haka ana isar wa direba umarnin. Idan kuwa aka rubuta -1, ba za a yi masa zancen wa'adi ba sam. Da wannan kuskuren zai ɓace.

To amma mai karatu ya lura, an kawar da ƙorafin direba ne kawai, jiran yana nan. Kowane mutum na kwaikwayo da tambayarsa ta maƙale ya daina aika sababbi. Nauyin da ke kan rumbu sai ya ragu ba da sanin mai gwaji ba, tambayar da ba ta dawo ba kuma ba za ta shiga lissafi ba. Sakamako ya fito da kyau, alhali kuwa an yi kitso da ƙwarƙwata.

Saboda haka wajibi ne a sa wa'adin a wani wuri. Mafi inganci shi ne a sa shi a rumbun kansa. PostgreSQL na da saitin statement_timeout, MySQL kuwa tun daga jerin 5.7 na da max_execution_time, wanda ya shafi tambayoyin karanta bayani kaɗai. Dukansu biyu da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa suke ƙidaya, don haka daƙiƙa 30 ita ce 30000. Hanya ta biyu ita ce wa'adin layin sadarwa, wanda ke katse haɗin idan shiru ya yi yawa. Illarta ita ce rumbu na iya ci gaba da aikin da babu mai jiran amsarsa, yana cin ƙarfin na'ura. A irin wannan hali sai mai kula da rumbu ya duba tambayoyin da ke gudana, ya kashe su da kansa.

A ƙarshe, ya kamata wa'adin gwaji ya yi daidai da wanda manhajar rajista za ta yi aiki da shi a zahiri, kuma a bayyana adadin tambayoyin da wa'adi ya cim musu a cikin rahoto, kusa da matsakaicin lokacin amsa. Da waɗannan alƙaluma biyu ne hukuma za ta san ko rumbunta ya shirya karɓar ɗalibai.