Yadda Minsharin Yara Ya Koma Hannun Likitocin Haƙori

A da, idan yaro yana minshari a Amurka ko Turai, wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro ake kai shi. Yanzu iyaye da yawa likitan daidaita haƙora suke fara nema, yaron ya dawo gida da wani ƙarfe manne a gandarsa, mai 'yar ƙusa a tsakiya da uwa za ta riƙa murzawa kullum da mabuɗi. Ana cewa ƙarfen zai buɗa masa hanyar numfashi, barcinsa ya gyaru. Akwai gaskiya a cikin maganar, amma tallar ta riga hujjar yin nisa.

Cutar da ake tsoro a bayan minsharin, wato katsewar numfashi cikin barci, ba ta daɗe da samun suna ba. A 1976 Christian Guilleminault na Jami'ar Stanford ya bayyana yara takwas da numfashinsu ke tsayawa cikin barci saboda toshewar maƙogwaro. Yau ana ƙiyasin tana kama yaro ɗaya zuwa biyar cikin ɗari. Ba kamar babba ba, yaron ba lallai ya riƙa gyangyaɗi da rana ba. Sau da yawa ƙiriniya ce ke ƙaruwa, ga fitsarin kwance, ga kwana da baki buɗe, karatu kuma ya ƙi shiga. Babban sanadin shi ne kumburin tonsil, naman nan biyu na gefen maƙogwaro, da kuma naman bayan hanci. Shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2012, ta sa tiyatar cire su a sahun farko.

To ina likitan haƙori ya shigo? Ta ganda. Rufin baki shi ne daɓen hanci, ƙashi ɗaya ne ya raba su. A jikin yaro ƙashin nan gida biyu ne, da ɗinki a tsakiya wanda bai gama haɗewa ba. Idan aka riƙa tura shi kimanin rubu'in milimita a kowace murzawa, cikin 'yan makonni ɗinkin zai buɗe, har a ga wushirya ta fito na ɗan lokaci, sabon ƙashi ya cike gurbin, hancin ma ya ɗan ƙara faɗi. Dabarar tsohuwa ce: Emerson Angell ya bayyana ta a 1860, Andrew Haas ya farfaɗo da ita a 1961, duk don gyaran zaman haƙora. Abin da ya sauya mata alƙibla shi ne rahoton da Paola Pirelli ta birnin Rum ta fitar tare da Guilleminault a 2004, kan yara 31 masu matsattsiyar ganda waɗanda katsewar numfashinsu ta kusa gushewa bayan an faɗaɗa ta.

Sauran dalilan da suka karkata iyaye zuwa ga likitan haƙori ba na ɗakin bincike ba ne. Tiyata ba ta warkar da kowa, musamman yara masu ƙiba, don haka akwai iyayen da ke neman mafita ta biyu, wasu kuma tsoron wuƙa da allurar barci suke yi tun farko. Gwajin da ke tabbatar da cutar, wanda yaro zai kwana a asibiti da wayoyi a jikinsa, yana da tsada da dogon layi. Likitan haƙori kuwa yana ganin yaron a kai a kai, kuma a 2017 ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta buƙaci mambobinta su riƙa lura da alamun. Sai littafin James Nestor kan numfashi ya fito a 2020 ya yi kasuwa, TikTok ta cika da masu koya wa matasa yadda za su manna harshe a ganda don gyaran fuska. Kada kuma a manta da kuɗi: magani ne na dubban daloli, kuma idan aka fara shi tun yaro na shekara shida, galibi akwai zagaye na biyu idan haƙoran girma sun gama fitowa.

Inda lissafin ya fi cancantar a tsaya a kai shi ne wani bincike da ba na haƙori ba ma. A 2013 Carole Marcus da abokan aikinta suka wallafa gwajin da suka yi wa yara 464 'yan shekara 5 zuwa 9. An yi wa rabi tiyata da wuri, rabi aka bar su ana sa ido. Bayan wata bakwai, kashi 79 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tiyata gwajin barcinsu ya koma daidai. Amma na waɗanda ba a taɓa ba, kashi 46 ma sun koma daidai. Wato kusan rabin irin waɗannan yara, masu cutar da ba ta yi tsanani ba, suna samun sauƙi da kansu. Duk wanda ya sa wa yara talatin ƙarfe, ya dawo bayan shekara ya ga sun daina minshari, ba zai iya rantsuwa cewa ƙarfen ne ba, muddin bai ajiye wasu talatin da ba a sa wa ba ya kwatanta. Yawancin binciken faɗaɗa ganda haka suke: yara kaɗan, ba rukunin kwatance.

Abin lura, masu sana'ar ne da kansu suka taka birki. A 2019 ƙungiyar likitocin daidaita haƙora ta Amurka ta fitar da matsayarta: likitan haƙori zai iya hango alamu ya tura yaro gaba, amma tabbatar da cutar aikin likitan barci ne, a faɗaɗa ganda idan da gaske matsattsiya ce, ba don rigakafi ba. Hoton kai da ake nuna wa iyaye a kwamfuta, ana zana musu faɗin maƙogwaro da launi, an ɗauke shi ne yaro na farke, ba ya nuna abin da ke faruwa idan tsoka ta saki cikin barci. A Ingila kuma, a 2024, hukumar kula da likitocin haƙori ta soke lasisin Mike Mew, fitaccen mai yayata gyaran fuska ta hanyar zaman harshe, saboda yadda ya yi wa wasu yara magani.

A ganina ribar wannan yayi ta fi yawa a wajen ganowa. Yaran da a da za a ce musu marasa ji, yanzu akwai mai tambayar iyayensu yadda suke barci. Ga yaron da aka cire wa tonsil amma bai warke ba, gandarsa kuma a tsuke take, ƙarfen zaɓi ne mai ma'ana. Asarar tana kan wanda gandarsa lafiya lau: ya sha ciwo, haƙora su karkata, dasashi ya ja baya, iyaye kuma su saki jiki alhali naman bayan hancin na nan ya toshe hanya.

A ƙasar Hausa yayin bai iso da ƙarfi ba, don likitocin daidaita haƙora ƙalilan ne, a manyan birane. Cutar dai tana nan, kuma yara masu sikila sun fi saura kamuwa da ita, ga shi raguwar iskar jini da dare haɗari ce a gare su. Cire belu wajen wanzami ba ya taɓa tonsil ko naman bayan hanci. Yaron da ke minshari kusan kullum, numfashinsa na ɗaukewa ya dawo da shaƙuwa, sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibiti ya kamata ya fara gani.